Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, Mai Kasuwar Kurmi

Da yawa daga cikinmu nan Madakiya da Kafanchan kakanninmu daga ƙasar Kano suka taso, wasu da jakuna a zamanin fatauci, wasu a jirgin ƙasa bayan da layin dogo ya iso Kafanchan. Har gobe muna loda citta mu kai Dawanau, mu karɓi kuɗinmu mu juyo. To amma mu nawa ne muka taɓa ratsewa cikin birni muka shiga Gidan Makama? Yana nan dab da gidan Sarki, an mai da shi wurin adana kayan tarihi. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Ginin kansa ma tarihi ne, don Muhammadu Rumfa aka fara gina shi domin sa, tun yana riƙe da sarautar Makama.

Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, mahaifiyarsa mutuniyar Rano. Ya hau gadon sarauta a 1463, shi ne sarki na 20 a jerin da ya faro daga Bagauda. Garin da ya gāda ya riga ya cika da baƙi. Wangarawa sun zo da addini tun zamanin Sarki Yaji, a zamanin mahaifinsa kuwa Fulani malamai suka iso daga Mali da littattafai, ga Barebari, ga Larabawa, ga gishirin Azbin yana shigowa. Wani sarkin da sai ya tsorata da wannan taro. Shi kuwa sai ya faɗaɗa ganuwa, ya gina sabon gidan sarauta wanda ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara.

Mu da muke cin abinci a kasuwa mun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kafa kasuwa ba share fili ba ne kawai a ce kowa ya baza kaya. Sai an san wa zai zauna ina, wa zai duba mudu, wa zai raba gardama, a ina baƙo zai sauka ya kwana da dukiyarsa ba fargaba. Wanda ya ga abin da batun tashin kasuwa ya jawo a Zangon Kataf a 1992, Allah Ya kiyaye gaba, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ita Kurmi ta haura shekara 500 ana ciniki a cikinta.

Babban baƙonsa shi ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya sauka Kano wajen 1492. Rumfa ya karɓe shi hannu biyu, shi kuma ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna: tsare adalci, da sauraron talakawa, da yadda za a tara dukiyar jama'a ta halal a kashe ta inda ya dace. A wannan zamani aka sare itaciyar da ake tsafi a gindinta, aka gina masallaci a wurin. Zuriyar Shehun na nan a unguwar Sharifai, sun zama Kanawa cikakku, ba mai ce musu baƙi.

A wajen mulki ya kafa majalisar manyan sarakuna da ake kira Tara ta Kano. Kakaki, da figini, da takalman gashin jimina, da dawakin zage, duk daga gare shi aka faro su, haka nan fita sallar Idi da jama'a. Amma ba duka abin da ya ƙirƙiro ne za mu yaba ba. Shi ya fara naɗa babanni a manyan muƙamai, ya tara mata a gidansa har ana cewa sun kai dubu, alhali ko yaron Islamiyya ya san iyakar da shari'a ta ajiye. Ya kuma yi yaƙi da Katsina na shekara 11 ba wanda ya ci wani, mu dai mun san a irin wannan fatake ne ke fara ji a jikinsu.

Allah Ya yi masa rasuwa a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Bayan jihadi sarauta ta koma hannun Fulani, amma su ma a gidan da ya gina suka zauna, kuma akwai kwaleji a Kano mai ɗauke da sunansa. Daga Gidan Makama zuwa Kurmi tafiyar ƙafa ce, mai yaro a makaranta yana iya nuna masa duka biyun kafin azahar, ya dawo ya tarar da motar Kafanchan. Allah Ya jiƙan magabata.