Brankusi, masassaƙin da ya kai ƴan duwan ƙara

Duk wanda ya taɓa ƙetare iyaka da kaya ya san zafin kuɗin duwan. Yau mun kawo muku tarihin wani mutum da aka tare kayansa a tashar jiragen ruwa, ya ƙi yarda, har maganar ta kai gaban alƙali.

An haifi Konstantin Brankusi a 1876 a ƙauyen Hobitsa na ƙasar Rumaniya. Ɗan manoma ne, da kiwon tumaki ya tashi. Yana yaro ya tafi garin Krayova, ya yi yaron kanti kafin ya shiga makarantar koyon sana'a. A 1904 ya isa Paris, ya riƙa wanke-wanke a gidan abinci don ya samu na tuwo. A 1907 ya shiga wurin babban masassaƙi Rodin, amma bai daɗe ba ya fita, don ba ya son ya ƙare a inuwar wani.

Masassaƙan zamaninsa suna fitar da kama daidai, har ido da gashi. Shi kuwa ragewa yake yi, ya goge dutse ko tagulla har sai siffar ƙwai ko ta mashi ta saura. Tsuntsunsa ba fiffike, ba baki, tashin kawai yake so a gani.

A 1926 wannan tsuntsu na tagulla ya sauka New York. Dokar Amurka ta yafe wa aikin fasaha haraji, amma ƴan duwan suka ce wannan bai yi kama da tsuntsu ba. Suka sa shi layin kayan ƙarfe irin na girki, suka ɗora masa kashi 40 cikin 100 na kuɗinsa. Brankusi ya kai ƙara. A 1928 alƙalai suka ba shi gaskiya: ba dole aikin fasaha ya kwaikwayi halitta ba.

A 1938 ya gama wani dogon ginshiƙin ƙarfe mai kusan mita 30 a garin Targu Jiu, don tunawa da sojojin ƙasarsa da suka mutu a yaƙin duniya na farko. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2024.

Da tsufa ya zo, bai so a watsa aikinsa gida-gida ba, domin a ganinsa kowane sassaƙe yana buƙatar na kusa da shi. Ya bar wa gwamnatin Faransa ɗakin aikinsa dungum, da sharaɗin a jera kome yadda ya bari, jama'a su shiga su gani. Ya rasu a Paris ranar 16 ga Maris 1957.

A 2018 an sayar da wani sassaƙensa na tagulla dalar Amurka miliyan 71, a birnin da aka taɓa lissafa aikinsa cikin tukwane da cokula.