Basil Wright, mai ɗaukar hoton ƴan dako

An haifi Basil Wright a ƙasar Ingila cikin shekara ta 1907. Bayan ya ƙare karatu a jami'ar Kambirij, sai ya shiga aikin silima a hannun John Grierson, wanda ya koya masa nuna rayuwar ma'aikata yadda take.

A 1933 ya fito da Cargo from Jamaica. A ciki ana ganin ƴan dakon Jamaika a jere, suna loda ayaba cikin jirgin ruwa da ƙarfin jikinsu. Da jirgin ya iso Landan kuwa, na'ura ce ke sauke kayan. Mai kallo da kansa zai gane wa ke shan wuya, wa ke cin moriya.

A 1951 shi da Bill Launder suka yi Waters of Time domin hukumar tashar jiragen ruwa ta Landan, inda suka nuna shigowar jirage da aikin saukar kaya.

Zuwan kwantena ya kashe tashoshin cikin birnin, aka rufe na ƙarshe a 1981. Wright ya rasu a 1987, amma albarkacin aikinsa gumin ƴan dakon nan bai ɓace ba.