Thomas Bowman Stephenson (1839–1912): Limamin da Ya Nema wa Yaran Titi Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya bi titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi da hantsi, ko ya ratsa kasuwar Tarauni a lokacin da ake cikin aji, zai ci karo da yara waɗanda ba su cikin aji. Wasu talla suke yi, wasu dako, wasu bara, wasu kuwa gararamba kawai. Galibinsu suna da iyaye da wurin kwana, amma akwai waɗanda rumfar kasuwa ita ce ɗakinsu. Wannan matsala ba Kano ce ta fara ganin ta ba. Birnin Landan ya yi fama da ita a ƙarni na 19, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka tashi tsaye a kanta shi ne wani limamin Kirista na ɗariƙar Metodis mai suna Thomas Bowman Stephenson. An kawo tarihinsa a nan domin ɗalibi mai koyon aikin malanta ya nazarci yadda mutum guda ya fahimci buƙatar yaro marar gata, da inda ya dace, da kuma inda aikinsa ya bar baya da ƙura.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Stephenson a watan Disamba na shekarar 1839 a birnin Newcastle da ke arewa maso gabashin Ingila. Mahaifinsa, John Stephenson, shi ma limami ne a ɗariƙar Metodis, wato ɗariƙar da ta samo asali daga wa'azin John Wesley, wanda ya rayu daga 1703 zuwa 1791. An san mabiyanta da wa'azi a fili, da son waƙoƙin yabo, da shiga cikin talakawa da ma'aikatan masana'antu. Ita ce ɗariƙar da Thomas Birch Freeman ya kawo Badagiri a shekarar 1842, wadda daga baya ta kafa makarantu da asibitoci a Nijeriya.

A tsarin wannan ɗariƙa a wancan zamani, limami ba ya wuce shekara uku a wuri guda sai a sauya masa gari. Saboda haka Stephenson ya tashi yana ganin garuruwa da halayen mutane iri-iri. Ya yi karatun limanci a kwalejin ɗariƙar da ke Richmond, kusa da Landan, sannan ya kama aiki a shekarar 1860.

Shekarunsa na Farko a Bakin Aiki

Garin da aka fara tura shi shi ne Norwich. Daga nan aka mayar da shi Manchesta, sannan Bolton, duka biyun a yankin Lancashire, cibiyar masaƙun auduga ta Ingila. Zuwansa wannan yanki ya zo daidai da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wanda ya datse hanyar audugar da masaƙun suka dogara da ita. Masaƙu da dama suka rufe, dubban ma'aikata suka rasa abin yi, yunwa ta shiga gidaje. A nan ne matashin limamin ya ga talauci ido da ido, ya kuma gane cewa magidanci na iya faɗawa cikin fatara ba don lalaci ba, sai don abin da ya faru a wata ƙasa mai nisa. Haka kuma ya lura cewa duk sa'ad da gida ya rushe, yara ne ke fara ɗanɗana kuɗa.

A shekarar 1868 aka sauya masa wuri zuwa Lambeth, wata unguwar matalauta da ke kudancin kogin Thames a Landan, dab da tashar jirgin ƙasa ta Waterloo. Majami'ar da aka ba shi ba ta cika samun jama'a ba, don haka ya riƙa fita wa'azi a bakin titi. Fitar da yake yi ce ta haɗa shi da yara masu kwana a lunguna da ƙarƙashin gadoji, waɗanda wasunsu marayu ne, wasu kuwa iyayensu ne suka gaza ko suka watsar da su.

Kafa Gidan Yara

Kafin a fahimci abin da Stephenson ya yi, ya kamata a san tanadin da hukuma ta yi wa irin waɗannan yara. Dokar matalauta ta shekarar 1834 ta tanadi manyan gidajen gajiyayyu inda ake tara tsofaffi da marasa lafiya da yara. Da gangan aka tsaurara rayuwa a cikinsu domin kada kowa ya yi sha'awar shiga. Akan raba miji da mata, a raba uwa da ɗanta. Wannan ya sa yara da yawa suka gwammace sanyin titi da shiga irin waɗannan gidaje.

Stephenson ya haɗa kai da wasu samari biyu 'yan ɗariƙarsu, Alfred Mager da Francis Horner. Suka kama hayar wani ɗan ƙaramin gida mai haɗe da bargar dawaki a kusa da Waterloo, suka gyara shi. A watan Yuli na shekarar 1869 aka karɓi yara maza biyu na farko, aka kuma ɗauki wani magidanci da matarsa su zauna da su a matsayin uba da uwa. Sunan da aka sa wa wurin shi ne The Children's Home, wato Gidan Yara. Kalmar gida a cikin sunan ita ce ginshiƙin tunanin Stephenson. A ganinsa, abin da yaron titi ya rasa ya wuce abinci da tufafi. Ya rasa babban mutum wanda ya san sunansa da halinsa, wanda zai tsawata masa idan ya yi laifi, ya kuma neme shi idan bai dawo ba.

Wannan tunani yana da tushe a ƙasar Jamus. A shekarar 1833 Johann Hinrich Wichern ya buɗe wani gida mai suna Rauhes Haus a kusa da Hambug, inda ya kasa yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da ɗakinta da mai kula da ita kamar iyali guda. Stephenson ya ɗauki wannan tsari ya daidaita shi da yanayin Ingila.

Bunƙasar Aikin

Ba a daɗe ba gidan farko ya yi kaɗan. A shekarar 1871 aka koma titin Bonner a unguwar Bethnal Green da ke gabashin Landan, inda aka sami jerin gidaje da wuraren sana'a. A nan aka fara karɓar yara mata, kuma a wannan shekara babban taron ɗariƙar ya amince da aikin a matsayin nasa. Daga baya aka sauke wa Stephenson nauyin riƙon majami'a domin ya fuskanci shugabancin Gidan Yara kaɗai.

An raba yaran gida-gida, kowane da uwar gidansa. Suna zuwa makaranta, sannan suna koyon sana'a. Maza suna koyon aikin kafinta da ɗinkin takalma da ɗab'i, mata kuwa ɗinki da wanki da sauran ayyukan gida. Da yake Stephenson ma'abocin kiɗa da waƙa ne, ya kafa ƙungiyar mawaƙa daga cikin yaran, wadda ta riƙa zagaya garuruwa ana tara gudummawa.

A shekarar 1872 wani attajirin masaƙa na Bolton mai suna James Barlow ya ba da kyautar wani tsohon masauƙi da filin da ke kewaye da shi a Edgworth, a kan tsaunukan Lancashire. Ƙasar wurin fako ce mai duwatsu, amma da gumin yaran da ma'aikata aka mayar da ita gona da ƙauyen yara. Bayan wannan aka buɗe rassa a Gravesend, da tsibirin Man, da kusa da Birmingham. Bugu da ƙari, daga 1873 zuwa 1876 Stephenson ya zama zaɓaɓɓen wakili a hukumar makarantun Landan, wadda dokar ilimi ta 1870 ta samar. Ke nan bai ɗauki aikin jinƙai a matsayin madadin makarantar gwamnati ba.

Horar da Masu Kula da Yara

Abin da ya fi bambanta Stephenson da yawancin masu aikin jinƙai na zamaninsa shi ne nacewarsa a kan horo. A wancan lokaci ana ganin duk macen da ke da tausayi ta isa ta riƙe marayu. Shi kuwa ya ga cewa yaron da ya sha duka da yunwa da wulaƙanci yakan zo da ƙarya da sata da zafin rai, kuma tausayi kaɗai ba zai daɗe a gaban waɗannan halaye ba. Saboda haka a shekarar 1878 ya fara shirin horar da mata masu kula da yara, waɗanda ake kira sistocin yara. Ana lissafa wannan shiri cikin na farko-farko irinsa a Birtaniya.

A shekarar 1890 ya faɗaɗa wannan tunani, ya kafa cibiyar horar da mata masu hidimar majami'a, bisa koyi da wadda Theodor Fliedner ya buɗe a Kaiserswerth ta Jamus a 1836. Matan da suka fito daga cibiyar sun yi aikin jinya da koyarwa da ziyarar gidajen matalauta. Shekara guda bayan haka, wato 1891, aka zaɓe shi shugaban babban taron ɗariƙarsa, muƙamin da ya fi kowane girma a cikinta.

Tura Yara Kanada

Tarihin Stephenson ba zai cika ba sai an ambaci ɓangaren da ya jawo ce-ce-ku-ce. A shekarar 1873 ya buɗe reshe a garin Hamilton na lardin Ontario a ƙasar Kanada, aka riƙa ɗibar yara daga Ingila ana kai su can, a rarraba su ga manoma. Hujjarsa ita ce Landan ta cika, babu aikin yi, kuma yaron da ya koma tsohuwar unguwarsa zai iya komawa gidan jiya. Ba shi kaɗai ya yi wannan ba. Ƙungiyoyi da dama, ciki har da ta Dakta Thomas Barnardo, sun bi wannan hanya, har aka ƙiyasta cewa kimanin yara 100,000 aka kai Kanada tsakanin 1869 da shekarun 1930.

Wasu daga cikin yaran sun sami riƙo nagari, sun girma sun mallaki gonaki. Wasu kuwa an mayar da su 'yan ƙwadago masu arha, ba karatu, ba mai bin kadinsu. Da yawa ba marayu ba ne, kuma sun rabu da iyayensu da 'yan'uwansu har abada. A watan Fabrairu na shekarar 2010 Firaministan Birtaniya na lokacin, Gordon Brown, ya nemi gafara a gaban majalisa a kan tsarin tura yara ƙasashen waje baki ɗaya. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya gina aikinsa a kan darajar iyali shi ne kuma ya sa hannu a tsarin da ya raba yara da danginsu. Kyakkyawar niyya ba ta hana kuskure idan aka yanke wa yaro hukunci ba tare da an dubi abin da zai rasa ba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Stephenson ya sauka daga shugabancin Gidan Yara a shekarar 1900, bayan shekara 31, Arthur Gregory ya gaje shi. Ya koma garin Ilkley, inda aka mayar da cibiyar horar da mata, ya ci gaba da kula da ita na wasu shekaru. Ya rasu a Landan a watan Yuli na shekarar 1912 yana da shekara 72. Ƙungiyar da ya kafa ta sauya suna zuwa National Children's Home and Orphanage a 1908, kuma tun daga 2008 ake kiran ta Action for Children. Ta daɗe da rufe manyan gidajen marayunta, ta koma tallafa wa iyalai da samar wa yara riƙo a hannun magidanta.

Kammalawa

Riƙon maraya da ɗan dangi tsohon abu ne a al'adar Bahaushe, kuma addini ya ƙarfafa shi. Sai dai cunkoson birni da tsadar rayuwa sun raunana wannan al'ada, har yara suna zamewa ta tsakanin dangi da makaranta ba wanda ya ankara. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara tara kyauta, amma doka ba ta san sunan yaro ba, malamin aji ne ya sani. Malamin da aka tura wata firamare a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni shi ne zai fara lura da ɗalibin da ya yi mako biyu bai zo ba, ko wanda kullum yake gyangyaɗi saboda yunwa. Tarihin Stephenson yana nuna wa irin wannan malami cewa kula da yaro aiki ne da ake koya, cewa yaro ya fi gyaruwa a hannun wanda ya san shi, kuma cewa kafin a ɗauke yaro daga mutanensa da sunan taimako, wajibi ne a fara neman hanyar taimaka masa a cikinsu.

Tambayoyi

1. Bayyana yadda zaman Stephenson a Lancashire ya yi tasiri a kan fahimtarsa game da talauci.
2. Mene ne bambancin Gidan Yara da gidajen gajiyayyu na hukuma?
3. Kawo hujjojin masu goyon bayan tura yara Kanada da na masu suka, sannan ka faɗi ra'ayinka.
4. Rubuta tarihin wani mutum ko wata mata a garinku da aka sani da riƙon marayu, cikin kalmomin da ba su wuce 500 ba.