Rembrandt, Mai Zane, da Misalin Ɓataccen Ɗa

An haifi Rembrandt a shekara ta 1606 a birnin Leiden na ƙasar Holan. Ubansa mai injin niƙa ne. Aka sa yaron a makarantar Latin, amma zuciyarsa tana wurin zane, sai aka kai shi koyon sana'ar. Wajen 1631 ya koma Amsterdam, attajirai suka yi ta zuwa ya zana su. Ya auri Saskia a 1634, ya sayi babban gida a 1639.

Labari ɗaya ya bi shi dukan ransa, watau misalin ɓataccen ɗa da muke karantawa cikin Luka 15:11-32. Sa'anda yake saurayi mai kuɗi ya zana kansa kamar ɗan nan a gidan shaye-shaye, ya ɗaga finjali yana dariya, Saskia tana zaune a cinyarsa. A 1636 ya zana komowar ɗan a kan farantin jan ƙarfe domin a buga a takarda. A nan kowa yana motsi: uba ya tako da sauri, bayi suna fitowa da riga da takalma, wata mace ta buɗe taga tana leƙe.

Sa'annan baƙin ciki ya shigo gidansa. 'Ya'yansa uku suka mutu suna jarirai, Saskia kuma ta rasu a 1642, ta bar masa Titus bai cika shekara ba. Wajen wannan lokaci ne ya ɗauki alƙalami da tawada ya sake zana komowar, a 'yar takarda wadda take a gidan ajiya na Teylers a Haarlem. Wannan irin zanen gwaji ne, wanda mai zane yakan yi domin kansa yana neman yadda zai tsara mutanensa. A ganinmu ya cancanci a dube shi a hankali, gama a cikinsa ana ganin mutum yana tunani da hannunsa. Layukan suna da gaggawa, waɗansu siriri, waɗansu masu kauri. Hayaniyar bayi ta ragu. Tsohon ya sunkuya ƙwarai a kan ɗan da ya durƙusa, har su biyu sun zama kamar jiki ɗaya. Masu taruwa domin nazari a Abuja suna iya neman hotonsa a waya, su ajiye shi kusa da aya ta 20.

A 1656 bashi ya ci shi, daga baya aka sayar da gidan da kayansa. Titus ya mutu a 1668, 'yan watanni bayan aurensa. Cikin waɗannan shekaru na ƙarshe ya yi babban hoton fenti na komowar, wanda yake a birnin St. Petersburg na Rasha. Ɗan ya ba mu baya, kansa a aske, takalmi ɗaya ya zame daga ƙafarsa. Uban ya ɗora hannuwansa biyu a bayansa. Wani mutum, wanda masana da yawa suke ɗauka wan ne, yana tsaye gefe ya haɗa hannuwa, bai matso ba.

Rembrandt ya rasu ran 4 ga Oktoba 1669, aka bizne shi a majami'ar Westerkerk cikin kabarin haya. A ɗakin aikinsa aka tarar da hoton Siman tsoho yana riƙe da jariri Yesu, bai gama shi ba.