Louis Pasteur, Ɗan Majemin Da Ya Gano Aikin Ƙananan Halittu

An haifi Louis Pasteur a garin Dole na ƙasar Faransa ran 27 ga watan Disamba, 1822. Mahaifinsa majemi ne, shi kuwa ya bi hanyar ilmin kimiyya.

A zamaninsa, masana da yawa sun ɗauka tsamin madara lalacewa ce kurum, babu wani abu mai rai a ciki. Cikin 1857 Pasteur ya nuna cewa waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya iya gani su ne ke cin zaƙin madara su mai da ita nono. Daga nan ya fahimci cewa a cikinsu akwai masu amfani, akwai kuma masu ɓarna. Ya gano cewa ɗumama abin sha ba tare da an tafasa shi ba yakan kashe masu ɓarnar, dabarar da kamfanonin madara ke bi har wa yau.

Cikin 1868 ya sami shanyewar ɓarin jiki, amma bai daina aiki ba. A 1885 ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza allurar rigakafi, yaron kuwa ya rayu. Pasteur ya rasu ran 28 ga Satumba, 1895.