Madam C.J. Walker, mai wankau da zubewar gashi ta zame mata jari

A ƙarshen ƙarni na 19, zubewar gashi ba baƙon abu ba ce a tsakanin baƙaƙen matan Amurka, musamman talakawansu. Yawancin gidaje ba su da ruwan famfo, ba su da lantarki, kuma idan hunturu ya kankama ba kowa ke da halin ɗumama ruwa ba. Saboda haka mace sai ta kwashe makonni ba ta wanke kanta ba. Ranar da ta tashi wankewa kuwa, sabulun da ke hannunta shi ne na wanki, mai kaifin soda, wanda ke ƙona fata ya busar da gashi. Ga ƙarancin abinci mai gina jiki, ga wahalar aiki. Sai amosani ya taru, ƙaiƙayi ya biyo baya, ƙuraje su feso, gashin goshi da na gefen kunne ya riƙa kakkaryewa har fatar kai ta bayyana. Daga cikin matan da wannan lalura ta kama akwai wata mai wankau a birnin St. Louis, sunanta Sarah Breedlove, wadda duniya ta sani daga baya da Madam C.J. Walker.

An haife ta ranar 23 ga Disamba, 1867, a ƙauyen Delta na jihar Louisiana, a gonar audugar da iyayenta, Owen da Minerva, suka yi bauta. Yayyenta duk a cikin bauta aka haife su, ita ce ta farko a gidan da aka haifa bayan an soke ta. Tana da shekara 7 ta zama marainiya gaba da baya, riƙonta ya koma hannun yayarta Louvenia, suka tsallaka kogin Mississippi zuwa Vicksburg. Mijin yayar mutum ne mai muguwar mu'amala, kuma gudun gidansa ne ya sa Sarah ta yi aure tana shekara 14. Ta haifi 'yarta tilo, Lelia, a 1885. Bayan shekara biyu mijin, Moses McWilliams, ya mutu, ya bar ta tana 'yar shekara 20.

Daga nan ta nufi St. Louis, inda 'yan'uwanta maza ke sana'ar aski. Ta shafe shekaru masu yawa tana duƙe a kan bahon wanki, abin da take samu a yini bai wuce dala ɗaya da 'yan kai ba, amma da shi ta sa 'yarta a makaranta. Aurenta na biyu, da John Davis, bai yi daɗi ba. A cikin waɗannan shekarun ne gashinta ya soma zubewa, ta gwada magungunan gida da na kanti iri-iri ba ta dace ba.

Sauƙi ya fara zuwa mata ne ta hannun wata baƙar mace 'yar kasuwa, Annie Turnbo, wadda aka fi sani da Annie Malone, da ta komo St. Louis a 1902 tana sayar da man gyaran fatar kai. Sarah ta zama ɗaya daga cikin masu yi mata talla. A 1905 ta ƙaura zuwa Denver a jihar Colorado, tana aikin girki tana sayar da kayan Malone. A Janairun 1906 ta auri Charles Joseph Walker, mai harkar tallace-tallacen jarida, ta ɗauki sunansa ta ɗora masa laƙabin Madam irin na Faransawa. Laƙabin ba ado ba ne kawai. A lokacin, farar fata kan kira baƙar mace da sunanta na yanka, komai shekarunta, ba tare da wata girmamawa ba; wadda ta rubuta Madam a kan kayanta ta riga ta faɗa wa mai saye yadda zai kira ta.

A shekarar ce ta raba gari da Malone ta fito da nata man, Wonderful Hair Grower. Ta sha ba da labarin cewa a mafarki wani baƙin mutum ya nuna mata haɗin, har da cewa wasu kayan daga Afirka aka kawo su. Labari ne mai daɗin ji, kuma ya sayar da kaya. Malone dai ba ta yarda da shi ba, ta zarge ta da kwaikwayon nata haɗin. Gaskiyar maganar ita ce ginshiƙin man, wato farar wuta a cikin basilin, abu ne da masu haɗa magunguna suka daɗe da sani kafin su biyun. Walker ta haɗa da man kwakwa da kakin zuma, da turare don danne warin farar wutar.

To mene ne ya sa gashin matan ya dawo? Silin gashin da ido ke gani ba shi da rai. Daga cikin fata yake tsirowa, daga wani ɗan rami da ke riƙe da saiwarsa, kuma tsawon da yake ƙarawa a wata bai cika wuce santimita ɗaya da ɗan ɗori ba. Babu wani man shafawa na wancan zamani da zai sa ya zarce wannan ƙa'ida. Abin da ke hana mata tsawon gashi shi ne fatar kai ta kamu da ciwo, sannan abin da ya tsiro yana karyewa kafin ya yi nisa. Tsarin Walker ya tari waɗannan abubuwa biyu. Da farko a riƙa wanke kai a kai a kai da sabulu mai laushi da aka yi da man tsirrai, maimakon na soda. Sai a shafa man farar wuta, wanda ke rage amosani da ƙaiƙayi, a murza fatar da yatsu. Daga bisani a shafa wani mai mara nauyi da ta kira Glossine, don gashin ya yi laushi ya daina tsinkewa a bakin mataji. Idan ciwo ya lafa, susa ta tsaya, saiwar da ba ta mutu ba sai ta ci gaba da aikinta. Inda tabo ya riga ya cinye saiwar kuwa, babu man da zai tayar da ita. Abin da Walker ta sayar wa mata, ashe, tsafta ce da kulawa da haƙurin watanni, ta zuba musu su a cikin gwangwani mai ɗauke da hotonta.

Hoton ma da kansa dabara ce. A zamanin da masu kayan kwalliya ke tallata su da fuskokin farare ko masu hasken fata, ita ta sa tata fuskar, ta kuma buga hotunanta na kafin jinya da na bayanta a jaridun baƙar fata, kowa ya ga gajeren gashi ya koma mai sauka kafaɗa.

Akwai ɓangaren tsarin da ya jawo mata suka, wato matajin ƙarfe da ake ɗumamawa a miƙar da gashi. Har yau ana jingina mata ƙirƙirarsa, alhali an san shi tun kafin ta shiga sana'ar. Wasu malaman coci da 'yan boko baƙaƙe sun ɗauki miƙar da gashi a matsayin kwaikwayon Turawa da raina halitta. Ita kuwa ta dage cewa aikinta raya gashi ne da warkar da fatar kai. Ta faɗi gaskiya, sai dai ba ta faɗe ta duka ba, domin matajin yana cikin jakar kowace wakiliyarta, kuma mata da yawa dominsa suke zuwa. Muhawarar ba ta mutu ba har yanzu a tsakanin baƙaƙen Amurka.

Kasuwa ta buɗe da sauri. Ita da mijinta suka zaga jihohin kudu gida-gida, coci-coci, tana gwada aikin a kan kawunan mata a gaban jama'a. A 1908 ta buɗe makarantar koyar da gyaran gashi a Pittsburgh, ta sa mata sunan Lelia. A 1910 ta kafa hedikwata da masana'anta a Indianapolis, garin da layukan dogo suka haɗu, abin da ya sauƙaƙa aika kaya ta gidan waya. Auren ya mutu a 1912, sunan ya zauna. A 1913 ta kai kayanta Jamaika da Haiti da Kyuba da Panama. Zuwa 1917 kamfanin ya ce ya horar da mata kusan 20,000. Da yawansu masu wankau ne da 'yan aikatau kamar yadda ita ma ta kasance, suka koma masu cin gashin kansu. A taron wakilanta na farko a Philadelphia a shekarar, ta ba da kyauta ga waɗanda suka fi ciniki, ta kuma ba waɗanda suka fi taimakon al'ummarsu.

Manyan maza baƙaƙe ba su karɓe ta da wuri ba. A taron ƙungiyar 'yan kasuwa baƙar fata na 1912 a Chicago, shugaban taron, Booker T. Washington, bai ba ta damar magana ba. Sai ta miƙe daga cikin jama'a ta ba da tarihinta, daga gonar auduga zuwa bahon wanki, zuwa kicin, zuwa masana'antar da ta gina a kan filinta. Da shekara ta zagayo, sunanta na cikin jerin masu jawabi.

Ta ba da dala 1,000 don gina cibiyar matasa ta YMCA ta baƙaƙen Indianapolis, ta ɗauki nauyin ɗalibai a Tuskegee, ta tallafa wa makarantar Mary McLeod Bethune a Florida. Bayan ta koma unguwar Harlem a New York a 1916 sai ta tsunduma cikin gwagwarmaya. Kisan gillar da aka yi wa baƙaƙe a East St. Louis a 1917 ya sa ta shiga tawagar da ta kai koke fadar White House tana neman dokar hana kashe baƙar fata ba tare da shari'a ba. Shugaba Woodrow Wilson bai gana da su ba. A 1919 ta yi wa ƙungiyar NAACP alkawarin dala 5,000 don wannan yaƙi.

A 1918 ta tare a katafaren gidanta, Villa Lewaro, a Irvington da ke bakin kogin Hudson, wanda baƙin mai zanen gine-gine Vertner Tandy ya tsara. Shekara ɗaya kacal ta yi a cikinsa. Hawan jini ya daɗe yana cin ta, likitoci suna ce mata ta huta, ita kuwa tana kan hanya. Ƙodarta ta gaza, ta rasu ranar 25 ga Mayu, 1919, tana da shekara 51, aka binne ta a maƙabartar Woodlawn da ke Bronx. Kundin Guinness ya lissafa ta a matsayin mace ta farko a Amurka da ta zama miloniya da guminta, ko da yake dukiyar da aka ƙiyasta ta bari ta kai kimanin dala 600,000 ne. A wasiyyarta ta ware kashi biyu cikin uku na ribar da za a samu nan gaba don ayyukan alheri. 'Yarta, wadda ta koma amsa sunan A'Lelia, ta gaji shugabancin kamfanin, kuma a 1927 aka buɗe ginin Walker a Indianapolis, mai ɗauke da masana'anta da gidan wasan kwaikwayo, wanda yake tsaye har yau. A 1998 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonta.