Arthur Ashe, zakaran tanis da sojoji suka fitar daga fili a Legas

Babu ɗan Arewa mai hankali da zai ce bai san ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 ba, ranar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a Ikoyi yana cikin motarsa zai tafi ofis. Mu mutanen Bauci kuwa watan nan ya fi zama mana a rai, don kwana goma kacal kafin nan, ranar 3 ga wata, Murtala ya yanko mana jiharmu daga tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas. Ni ɗan Gwallaga ne, kuma babban titin da muke bi mu je masallacinmu sunansa yake ɗauke da shi har gobe.

To a wannan makon akwai wasu manyan baƙi biyu da ƙaddara ta tsare a Legas. Ɗaya Pele ne, wanda kamfanin Pepsi ya kawo, shi kam ba sai na gabatar muku da shi ba. Ɗayan Arthur Ashe ne, baƙar fata ɗan Amurka, wanda a lokacin shi ke riƙe da kofin Wimbledon, gasar tanis mafi daraja a duniya. Labarinsa nake so in ba ku, ku 'yan uwa da ke zaune Agege da Idi-Araba da Obalende da Sabon Ibadan da Fatakwal, don ina ganin mai zaman baƙunta zai fi kowa gane rayuwar mutumin nan. Ni kaina ba ɗan tanis ba ne. Mu ƙwallon ƙafa muka sani, Wikki muke bi, tanis kuwa a wurinmu wasan manya ne da ake yi a kulob bayan katanga. Haka shi ma ya tarar da ita a garinsu, sai dai katangarsu ta fi tamu tsawo.

An haife shi ranar 10 ga Yuli 1943 a birnin Richmond na jihar Virginia, a zamanin da dokar kudancin Amurka ta raba baƙi da farare a makaranta da mota da wurin wasa. Mahaifiyarsa ta rasu a 1950 yana ɗan shekara 6. Mahaifinsa ma'aikaci ne mai kula da Brook Field, filin wasan da aka ware wa baƙaƙe, gidansu ma a cikin harabar filin yake. Yaro siriri ne, uban ya hana shi wasannin da ake ture-ture, sai ya koma ga filayen tanis da ke ƙofar gidansu. Wani ɗalibi mai suna Ron Charity ya fara koya masa riƙon raket, daga baya ya miƙa shi ga Dakta Robert Walter Johnson, wani likita baƙar fata a garin Lynchburg da ya gina fili a gidansa yana tarbiyyar yara. Shi ne ya taimaki Althea Gibson, baƙar mace ta farko da ta ci Wimbledon.

Ga darasin likitan nan, kuma shi ne ginshiƙin labarin duka. A gasar yara babu alƙalin layi, ɗan wasa shi ke faɗin ko ƙwallon abokin karawa ta faɗa ciki ko waje. Sai ya kafa wa yaransa doka: duk ƙwallon da ta sauka kusa da layi, ko da kana ganin waje ta yi, ka ba abokin karawarka. Ba gardama, ba jifa da raket, ba ɗaure fuska. Dalilinsa shi ne masu shirya gasa neman hujja suke su daina gayyatar baƙaƙe, ranar da yaro ɗaya ya ɗaga murya an rufe ƙofa ga duk na bayansa. Wanda ya yi kasuwa a Mile 12 ko Sasa ba ya buƙatar a yi masa fassarar wannan. Ka san gaskiyarka ce, amma ka sauke murya, ka bar wa mai gari canjin, don rigima in ta tashi ba kanka kaɗai za ta tsaya ba, har mai shayi da mai facin takalmi na bakin titi sai ta shafa. Ashe ya sha wannan tarbiyya har ta zama jininsa. Duniya ta riƙa yabon sanyin halinsa, amma ni ina ganin ba sanyi ba ne, haɗiye wa ne.

Da Richmond ta yi masa ƙunci, don an hana shi karawa da yaran farare kuma ba shi da filin atisaye lokacin sanyi, sai ya koma St. Louis ya ƙarasa sakandare. Jami'ar UCLA ta ɗauki nauyin karatunsa, a 1963 kuma ya zama baƙar fata na farko da aka sa cikin tawagar Amurka ta kofin Davis. Ya gama digiri a 1966, ya shiga soja ya zama laftana. Ƙanensa Johnnie, wanda ya riga ya yi yaƙi a Biyetnam, ya nemi a sake mayar da shi karo na biyu, saboda ba a cika tura 'yan uwa biyu fagen daga lokaci guda ba. Da haka wan ya tsira ya ci gaba da wasa. Irin wannan ƙane ba kowane gida ake samunsa ba.

Sai mu zo maganar kuɗi, don a nan za ku gane yadda sana'ar take a farkonta. Kafin 1968 tanis kashi biyu ce. Akwai 'yan sha'awa, waɗanda su kaɗai aka yarda su buga manyan gasa huɗu na Ostareliya da Faransa da Ingila da Amurka, a baki ba a biyansu, a ɓoye kuwa ana cusa musu ambulan. Akwai kuma 'yan sana'a da suka fito fili suka ce abincinsu ke nan, aka haramta musu manyan gasa, suka koma yawo gari-gari da shimfiɗar tamfol suna wasa yau nan gobe can, kamar 'yan dambe bayan kaka. Rod Laver, gwanin zamaninsa, shekara biyar ba a bar shi ya taka Wimbledon ba saboda haka. A 1968 aka rushe katangar, aka ce kowa ya zo.

Gasar Amurka ta farko a sabon tsarin Ashe ne ya ci. Ya doke Tom Okker ɗan ƙasar Holan a turmi biyar, in aro kalmar 'yan dambe, turmin farko ma sai da suka kai 14 da 12. Ladan zakara dala 14,000 ne. Amma shi soja ne kuma ɗan sha'awa a takarda, in ya karɓa ya rasa gurbinsa a tawagar ƙasa. Sai aka miƙa kuɗin ga wanda aka kayar, shi kuma mai nasara ya tafi da kuɗin guzuri, dala 20 a kowace rana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ga ta nan a fili.

Bai manta ba. Da ya bar soja ya zama ɗan sana'a, ya ci gasar Ostareliya a 1970, ya shiga zagayen WCT na attajirin Texas Lamar Hunt, sannan yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasa ta ATP a 1972. Shekara ɗaya bayan haka hukumomi suka dakatar da Nikola Pilic ɗan Yugoslabiya, sai 'yan wasa 81 suka ƙaurace wa Wimbledon don mara masa baya, har da Ashe. A 1974 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar. Miliyoyin da yaran yanzu ke kwasa, waɗannan ne suka share musu hanya.

Afirka ma ba baƙonta ba ne. Ya zagaya ƙasashe da dama har da Nijeriya a 1970 tare da Stan Smith suna koya wa yara wasa. A 1971 a Yawunde ya ga wani yaro ɗan shekara 11 mai hannu, ya yi masa hanya aka kai shi Faransa. Yaron shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Faransa a 1983. Gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ta yi ta hana shi biza, sai a 1973 ta bari. Ya je ya buga, wasu 'yan gwagwarmaya a can suka zarge shi da wanke wa gwamnatin fuska. A gida kuma matasan baƙaƙe suna ce masa ya cika lallaɓa farare. Ya ji zafin wannan, har a littafinsa na ƙarshe ya nuna takaicin cewa lokacin da tsararsa ke shan kulki a zanga-zanga shi yana fili sanye da fararen kaya.

Ranar da ta fi kowace a rayuwarsa ta wasa ita ce 5 ga Yuli 1975, wasan ƙarshe na Wimbledon. Abokin karawa Jimmy Connors ne, ɗan shekara 22, na ɗaya a duniya, mai bugu kamar aradu, wanda kuma a lokacin ya maka Ashe a kotu yana neman diyyar miliyoyin dala kan ɓata suna. Ashe na neman cika 32, kusan kowa ya gama yanke masa hukunci. Shi kansa da ƙarfi aka san shi, amma ranar sai ya ajiye ƙarfin. Ya lura Connors da ƙarfin abokin gaba yake ci, in ka zabga masa ya mayar maka ninki biyu. Sai ya riƙa ba shi ƙwallo mai laushi, ƙasa-ƙasa, mai yankan gefe, in ya matso kusa da raga ya ɗaga masa ta saman kai. A hutun canjin gefe sai ya zauna ya rufe ido shiru. Connors ya rasa inda zai kama. Aka tashi 6-1, 6-1, 5-7, 6-4. Har yau shi kaɗai ne baƙar fata namiji da ya ci Wimbledon.

Wata bakwai bayan haka ya sauka Legas. Zagayen WCT ya kawo gasa filin Lagos Lawn Tennis Club da ke Onikan, dab da dandalin da ke ɗauke da sunan namu, Abubakar Tafawa Ɓalewa. An fara lafiya, sai ga Juma'ar nan. Laftana Kanar Dimka ya yi jawabi a rediyo, kafin dare an murƙushe juyin, amma Murtala ya riga ya tafi, yana da shekara 37. Aka rufe filin jirgi da iyakoki, aka sa zaman makoki. Gari ya ɗauki zafi, jama'a na zargin hannun Amurka da Ingila, don wata guda kafin nan Murtala ya tsaya a Adis Ababa ya yi wa Amurka tatas kan rikicin Angola. 'Yan wasa suka fake, aka rasa mai cewa a ci gaba ko a fasa.

Daga bisani aka ce su koma fili. Ranar Litinin 16 ga wata Ashe na buga wasan kusa da na ƙarshe da ɗan ƙasarsu Jeff Borowiak, ya ci turmin farko, suna cikin na biyu, sai ga sojoji da bindigogi sun shigo har tsakiyar fili suna faɗa, wai ƙasa na makoki su suna wasa suna neman kuɗi. Ɗaya ya ɗora masa bakin bindiga a baya. Ashe ya ɗaga hannu sama, ya taka a hankali ya fita bai ce uffan ba, 'yan kallo kuwa kowa ya yi ta kansa. Washegari aka rako 'yan wasan filin jirgi suka tashi. Ragowar gasar Legas a Karakas ta ƙasar Benezuwela aka ƙarasa ta, Dick Stockton ya doke shi a wasan ƙarshe.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina. Ban ga laifin baƙin cikin sojojin ba, an kashe musu shugaba kwana uku da suka wuce, kuma duk wanda ya ba da izinin ci gaba da wasa cikin makoki bai san mutanen ƙasar nan ba. Amma mutumin da suka sa wa bindiga ba shi ya shirya gasar ba, kuma shekaru yana faɗa da Afirka ta Kudu, faɗan da Murtala kansa ya ɗauka. Ba wanda ya tsaya tambayar wannan. An ga baƙo, an ga fasfo ɗinsa, shi ke nan. Ku da kuka taɓa rufe shago saboda abin da wani ya aikata a garin da ko sunansa ba ku sani ba, kun san ɗanɗanon abin. Tarbiyyar Dakta Johnson ce ta fitar da shi filin da ransa.

Sauran rayuwar gajera ce. Ya yi aure a 1977. Ciwon zuciya ya kama shi a 1979 yana ɗan shekara 36, aka yi masa tiyata, ya ajiye raket a 1980. Ya jagoranci Amurka ta ci kofin Davis a 1981 da 1982. A tiyata ta biyu, 1983, aka ƙara masa jini, lokacin ba a fara gwajin jini don gano ƙanjamau ba, ta nan cutar ta shige shi. Sai a 1988 aka gano. A shekarar ya fitar da tarihin 'yan wasa baƙaƙe na Amurka, juzu'i uku, A Hard Road to Glory.

Abin da na lura shi ne da ya bar fili sai ya daina bayar da ƙwallon kusa da layi. A 1985 aka kama shi yana zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washintan. Ya ɓoye ciwonsa saboda 'yarsa ƙarama, har wata jarida ta sami labarin, dole ya fito ya faɗa da bakinsa ranar 8 ga Afrilu 1992. Maimakon ya kwanta sai ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar, ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Satumba, jiki duk ya zube, aka sake kama shi a ƙofar fadar White House kan yadda ake korar 'yan gudun hijirar Haiti. Da aka tambaye shi ko ƙanjamau ce nauyi mafi girma da ya taɓa ɗauka, ya nuna cewa zama baƙar fata a Amurka ya fi ta nauyi.

Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu 1993 a New York yana da shekara 49. Aka kai gawarsa gidan gwamnan Virginia a Richmond, dubban mutane suka yi layi, gwamnan lokacin Douglas Wilder shi ma baƙar fata ne. A 1996 aka kafa gunkinsa a titin Monument Avenue, cikin jerin gumakan janar-janar da suka yi yaƙin kare bauta, bayan doguwar gardama. Babban filin gasar Amurka da aka buɗe a 1997, mai ɗaukar mutum sama da 23,000, sunansa aka sa masa. Gumakan janar-janar ɗin an kwashe su tsakanin 2020 da 2021, nasa ne kaɗai ya rage a titin.